Sanarwa kan tafiyarmu ta Tiga

Assalamu alaikum ƴan uwa. Tafiyar dam ɗin Tiga tana nan ranar Asabar in Allah ya kai mu. Za mu haɗu a Ƙofar Nassarawa ƙarfe bakwai na safe, bas ɗaya za mu cika, kada kowa ya taho da motarsa.

Abin da ya dame ni shi ne leda. Zuwanmu na bara na ga wata saniya a bakin ruwa tana tauna ledar fiya wata, mai kiwon yana ta ƙoƙarin zaro ta daga bakinta. Har yau abin yana raina. Don Allah kowa ya zo da gorar ruwansa, ni zan kawo buhu biyu na shara, duk abin da muka kai mu dawo da shi Kano. Ruwan nan, tun da aka gina dam ɗin a 1974 zamanin Audu Baƙo, shi manoman Kadawa ke shayar da shinkafa da tumatir.

Ban da hura wuta, ciyawa ta bushe. Kifi kuwa mu saya a hannun masuntan wurin, kada a taɓa musu koma.

Mai zuwa ya rubuta sunansa kafin Alhamis.