A riƙa gaya mana yanayin gobe, kamar yadda ake gaya wa mutanen Landan

Zuwa ga Editan Labarai,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon a ba ni fili in faɗi wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ni malamin firamare ne da ya yi ritaya, ina zaune a Mabera cikin garin Sakkwato, kuma da wuya labaranku na safe a rediyo su wuce ni.

Ɗan wana yana karatu a Landan. Duk Juma'a yakan kira ni ta WhatsApp, ni in ce masa ya sanyi, shi ya ce mini ya rana. Wata Juma'a cikin watan Afrilu, ina gindin dogon yaron ƙofar gida da mahuci a hannu, zufa ta jiƙa mini taguwa sharkaf, sai ya ce, "Baffa, gobe da la'asar za a yi ruwa a nan, shi ya sa na ɗage zuwa kasuwa sai jibi." Na ce wa ya gaya maka? Ya ce ai kowa ya sani, ana faɗa bayan kowane labarai, yana kuma cikin wayar kowa. Da muka yi sallama na daɗe ina tunani. Ni da nake cikin wannan wuta, ba wanda ya gaya mini ko gobe za ta fi yau.

Wani abu da ya faɗa mini ya ba ni mamaki, har sai da na bincika na tabbatar. Ruwan da ke sauka a Landan a shekara bai wuce wajen milimita 600 ba, namu na Sakkwato kuwa yakan kai tsakanin 600 da 700. Ashe garin da muke ji ana cewa kullum da laima ake yawo cikinsa bai fi mu ruwa ba. Bambancin shi ne nasu yayyafi ne, an rarraba musu shi cikin wata 12. Namu kuwa cikin wata 4 yake zuba, daga Yuni zuwa Satumba, mafi yawansa lokacin markar Agusta, kuma da hadari da iska da tsawa yake zuwa. Mutumin Landan in bai ji hasashe ba, iyakarta rigarsa ta jiƙe. Mu a nan katanga ke faɗuwa, iska ta yaye kwano, shinkafar fadama ta nutse. Wanda ya ga ambaliyar Satumban 2010, lokacin da gulbin Rima ya cinye gonaki da ƙauyuka ya kuma yanke hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ba sai an yi masa dogon bayani ba. To wa ya fi buƙatar a gargaɗe shi?

Haka zancen zafi. Ranar 19 ga Yulin 2022 zafi ya kai digiri 40.3 a wani gari na Ingila, karo na farko da suka haura 40 a tarihinsu. Tun da sauran kwanaki hukumar yanayinsu ta fitar da jan gargaɗi, wato gargaɗi mafi tsanani, aka soke jiragen ƙasa da yawa, wasu makarantu suka tashi da wuri, aka yi ta kiran mutane su leƙa tsofaffin da ke zaune su kaɗai. Na ji wasu a majalisarmu suna dariya, wai abin da muke sha kullum a Afrilu da Mayu shi ya tsayar da ƙasa guda. Ni ban yi dariya ba. Gidajensu an gina su ne don su riƙe ɗumi, ba su da randa, ba su da tsakar gidan da za a shimfiɗa tabarma a kwana. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne sun ɗauki zafi a matsayin abin da ke kisa, mu kuwa mun ɗauke shi abin gaisuwa. Mukan ce mun saba. Tsohuwa mai hawan jini da ke kwance ƙarƙashin kwano ba silin, ga ba wuta, ba ta saba da komai ba. Jaririn kwana 40 bai saba ba. A farkon Afrilun 2024, cikin azumi, zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na Mali, asibitocin Bamako suka cika da gawawwaki. Mali ba nesa take da mu ba, kuma rana ɗaya ce ke kanmu.

Da ma iyayenmu sun yi gini daidai da ƙasarsu: soron laka da azara, bango mai kauri, zaure mai shan iska. Mun koma bulo da kwano, mun sare itatuwa, ɗaki ya zama kamar tanda. Wannan zance ne na wata rana.

Na san akwai masu jin ƙyashin hasashen yanayi, suna ganin kamar shiga ne cikin sanin gaibu. Ina girmama wannan tsoro, don daga imani ya fito. Amma mu tuna, kakanninmu in suka ga shamuwa ta dawo, ko gawo ya fara zubar da ganye, ko iska ta juya ta soma busowa daga kudu, sukan ce damina ta ƙarato, a gyara kalme. Su ne suka ce watan bakwai maƙarar rani, ko ba ruwa da alama. Ba wanda ya kira su bokaye. Hadarinmu daga gabas yake tasowa ya nufi yamma, don haka wanda ya haɗu a sararin Damagaram ko Maraɗi, tauraron ɗan'adam yana ganinsa sa'o'i kafin ya iso kanmu. Hazon hunturu ma mafi yawansa daga wani busasshen kwari yake tashi a arewacin Chadi, ana kuma iya ganin tafiyarsa. Alama ce aka karanta, a ce in Allah ya so, wani lokaci ta yi daidai, wani lokaci ta kuskure.

Kuma bayanin yana nan, ba sai an je Turai nemansa ba. Hukumar yanayi ta Najeriya, wato NiMet, tana fitar da hasashen kowace rana, sannan a farkon shekara tana fitar da na damina gaba ɗaya, da lokacin da ake sa ran ruwa zai zauna da lokacin da zai ɗauke. A Yamai akwai cibiyar AGRHYMET da aka kafa a 1974 bayan babban farin nan, aikinta ke nan. Abin da ya rage shi ne wanda zai ɗauko ya kai kunnen talaka da harshen da yake ji, kuma a ƙasar nan ba abin da ke shiga kowane ƙauye kamar rediyo.

Ƙanena manomi ne a wajen Gwadabawa. Bara waccan ruwan farko ya sauka da ƙarfi, ya fita da iyalinsa suka shuka gero, sai sama ta ɗauke kusan sati 3. Tsiron ya ƙone, ya sake sayen iri da tsada, shi ma bai tsira duka ba. Da wani ya ce masa wannan ruwan ba na zama ba ne, a dakata, da ya dakata. Rediyonsa na rataye a wuyansa har gona.

Don haka, Malam Edita, minti 5 nake roƙo bayan labaran safe da na dare. Kada a tsaya ga karanto lambobi, don digiri 44 ba ya nufin komai ga wanda bai taɓa riƙe ma'auni ba. A ce gobe rana za ta fi ta yau, leburori da 'yan kabu-kabu su huta tsakanin azahar da la'asar, a yawaita ba yara da tsofaffi ruwa, kada a cunkushe ɗaki ɗaya a kwana saboda sanƙarau. A ce jibi hazo zai rufe, direbobin hanyar Illela da Gusau su yi sannu, masu asma su rufe hanci. A ce ana sa ran iska mai ƙarfi da dare, masu albasa a Wurno da Kware su kintsa abin da suka shanya. In kuma za a ƙara ruwan da ake saki daga madatsar Goronyo, mutanen bakin gulbi su ji tun da sauran lokaci. In hasashe ya kuskure, a fito washegari a faɗa, mutane za su fi amincewa.

Yanzu bazara ta kusa, shi ya sa na ga bai kamata in ƙara jinkiri ba. In aka fara, ni zan fara kai labari majalisarmu da masallacin unguwa, zan kuma kira ƙanena in gaya masa ƙarfe nawa zai kunna.

Wassalam.

Naku mai sauraro,
Malamin makaranta mai ritaya,
Mabera, Sakkwato.