In mai gida ya garƙame shago, yaro ya zauna jiran me?

Malam Edita, assalamu alaikum.

Dan Allah a ba ni ɗan fili in amayar da abin da ya hana mu shan shayi lafiya shekaranjiya a teburin mai shayinmu na Agege. Gardama ce ta kaure kan ƙwallon kwando, wai in masu kulob-kulob na NBA, babbar gasar kwando ta Amurka, suka rufe ƙofa suka daina biyan albashi, ya dace ɗan wasa ya tafi wata ƙasa ya sa hannu ko ya zauna ya jira? Wani ɗan uwa yana ta ɗaga murya har shayinsa ya huce wai cin amana ne, wai in ana yajin aiki ba a zamewa.

To ni dai na ce masa tun farko ma ya ɓata lissafi. Abin da ya faru a 2011 ba yajin aiki ba ne irin na ASUU, 'yan wasa ba su ce ba za su yi wasa ba, masu kulob ne suka garƙame tun 1 ga Yuli sai 8 ga Disamba aka buɗe, kwana 161, saboda suna so a rage kason 'yan wasa daga kashi 57 na kuɗin shiga zuwa wajen 50, har wasannin kakar suka dawo 66 maimakon 82. Wanda ya kulle maka wurin neman abinci shi ne kuma zai ce kada ka nema a wani wuri? Haba. Hukumar ƙwallon kwando ta duniya, FIBA, ma ta yarda su tafi, da sharaɗin ranar da aka sasanta su dawo.

Deron Williams ya tafi Besiktas ta Turkiyya har ya ci maki 50 a wasa ɗaya, Tony Parker ya koma gida Faransa ya buga wa kulob ɗin ASVEL kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba kuma shi ya biya wa kansa inshora. Amma waɗannan manya ne, ko shekara suka yi a kwance tukunyarsu ba za ta daina tafasa ba. Ni ƙananan nake ji, wanda bai fi shekara uku huɗu zai yi ana yayinsa ba, ga iyaye ga dangi duk sun zuba masa ido, wata biyar ba wasa jiki ya yi nauyi a dawo a ɗauki wani.

Inda na yarda da ɗan uwan nan kawai shi ne tafiyar tana da haɗari, musamman maganar takardar kwantiragi. Su J.R. Smith da Wilson Chandler da suka tafi Chana, can ba a yarda da sharaɗin su dawo in an sasanta ba, aka fara wasannin NBA ranar Kirsimeti suna can suna kallo a talabijin, sai da kakar Chana ta ƙare suka samu dawowa. Wannan wallahi na ɗanɗana shi da kaina. Tela ne ni, shekarun baya ogana ya rufe shago saboda rigimarsu da mai haya, na yi sati uku ina zaman banza sannan na bi wani mutum Kwatano aikin ɗinkin yunifom, na karɓi kuɗin wata huɗu a hannu na dangwala a wata takarda da Faransanci ko kalma ɗaya ban gane ba. Sati biyu kacal oga ya bugo wai an buɗe in dawo ga ɗinkin sallah ya taru. Ina! Na riga na tura rabin kuɗin gida, haka na zauna ina taka keken wani, kafin in dawo an ba wani yaro kekena. Ga kuma rauni, in gwiwar ɗan wasa ta tashi aiki a can babu inshora, kulob ɗinsa na Amurka ba ruwansa.

Don haka su tafi, amma lauya ya karanta musu layi-layi kafin su taɓa biro.

Sannan Malam Edita, shafinku na wasanni kullum Firimiya da Laliga, alhali Hakeem Olajuwon, tsohon tauraron NBA, a garin nan na Legas aka haife shi, kuma duk yamma in ka leƙa Rowe Park a Yaba za ka ga yara suna jefa ƙwallo a raga. A dinga ɗan taɓa mana kwando ko da sau ɗaya ne a wata.

Naku,
Wani tela mai karanta ku daga Agege, Legas