Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ƙaramin Ministan Man Fetur, Sanata Heineken Lokpobiri, Kan Tsofaffin Rijiyoyin Neja Delta

Mai girma Minista, bayan gaisuwa.

A watan Oktoban 2024 hukumar NUPRC mai kula da haƙar mai ta ƙaddamar da shirin ƙara ganga miliyan 1 a kullum, kasafin kuɗin 2025 kuma aka gina shi kan ganga miliyan 2.06 a kullum. Ba a kai can ba. Damuwarmu ita ce hanyar da za a bi don cike giɓin, yanzu da filayen Shell na kan tudu suka koma hannun Renaissance, na Agip hannun Oando, na Mobil da ke cikin teku mara zurfi kuma hannun Seplat.

Wanda ya sayi tsohon fili da bashi, abin da ya fi masa sauƙi shi ne ya ƙara buɗe maƙogwaron rijiya, wato bawul ɗin da ke ƙayyade yawan man da ke fitowa. Daga 24/64 na inci ya kai 48/64, mai ya ƙaru na 'yan watanni. A ƙasa kuwa ɓarna ake yi. Ruwan da ke kwance ƙarƙashin man yana tasowa kamar tsini ya shiga ramukan bututu, har ya zama kashi 80 ko 90 cikin 100 na abin da ke fitowa. Yashin Agbada kuma, wato shimfiɗar ƙarƙashin ƙasa da man Neja Delta ke kwance a ciki, ba a dunƙule yake ba. Idan jan ya yi ƙarfi sai ya biyo man, ya cinye bawul, ya toshe bututu. Matsi na faɗuwa, iskar gas ta rabu da mai tun a cikin dutse, man da ya rage ya maƙale.

Gyaran sananne ne. A rufe rijiya a auna matsin gindinta. A sauke na'urar da ke nuna shimfiɗar da ruwa ke shigowa, a toshe ta da siminti ko matoshin ƙarfe, a huda shimfiɗar sama da ba a taɓa ba. Inda yashi ke zuba, a sa rariya a cika bayanta da tsakuwar da ta fi ƙwayar yashin girma kamar sau biyar zuwa shida. Rijiya mai bututu biyu a gwada robar da ke raba su, domin idan tana yoyo shimfiɗa ɗaya za ta riƙa ɗura wa ɗaya ruwa. Bawulolin tura gas, masu taimaka wa mai ya hau sama, idan sun lalace da waya ake canza su, ba sai an kawo babban injin haƙa ba.

Don Allah, ranka ya daɗe, kada a ƙara wa kowace rijiya adadin man da aka yarje mata ta fitar sai an ga sakamakon gwajin matsi na kwanan nan. Hukumar NUPRC tana da wannan iko a ƙarƙashin dokar man fetur ta 2021.

Akwai batun gas da ake ƙonawa maimakon a mayar da shi ƙasa, da fasa bututu da ke sa a rufe rijiya babu shiri. Oloibiri, inda aka fara samun mai a 1956, a jiharka ta Bayelsa take, ka san halin da aka bar ta. Muna roƙon a buga rahoton matsi da yawan ruwa na kowane tsohon fili duk shekara.