Zuwa ga Abba: Maganar Ƙafafun Motarka Kafin Hunturu Ya Shigo

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyalinka kamar yadda muke a nan. Hajiyarku tana gaishe ku, ta ce a shafa mata kan takwararta. Mun ga hotunan motar. Allah ya sanya alheri, ya tsare hanya, ya sa rai aka yi wa. Ƙannenka sun yi ta yawo da hoton a waya suna nuna wa abokai, wai yayansu ya sayi BMW M340i a Kanada. Ni kuwa ka san halina. Wanda ya yi shekara talatin da ɗoriya a gareji ba ya fara kallon fenti, ƙasa yake fara dubawa. Na buɗa hoton sosai, na ga rim mai inci 19 da taya siririya kamar an naɗa masa ɗankwali, sai na ce to, akwai magana.

Ran nan a waya ka ce mini motar tana ja da ƙafa huɗu, don haka dusar ƙanƙara ba za ta dame ta ba, kuma tunda doka ce ta tilasta, za ka nemi tayar hunturu ko wace iri ce ka ɗora a kan wannan rim ɗin don kada motar ta rasa kyanta. Layi yana yankewa, ban ja da kai ba. Shi ya sa na zauna na rubuta, ka karanta a natse.

Dokar dai ka san ta. A lardin Kwibek tun 2008 aka wajabta tayar hunturu, kuma a yanzu daga 1 ga Disamba har 15 ga Maris ne, wanda aka kama babu ita tararsa dala 200 zuwa 300. Amma sanyi ba ya duba kalanda. Da zarar awon yanayi ya sauka ƙasa da digiri 7, robar tayar bazara irin wadda ke ƙafar motarka takan fara sandarewa. An haɗa ta ne don ta yi laushi ta manne da kwalta mai zafi. In sanyin garinku Montiriyal ya kai ta ƙasa da sifili sai ta koma kamar busasshen ƙirgi, har tana iya tsattsagewa. Saboda haka kada ka jira Disamba. A Nuwamba kowa yake tunawa, layi ya yi tsawo a garejoji, girman tayar da kake nema kuma ya ƙare a kanti. Ka kama rana tun ƙarshen Oktoba.

Akwai labarin da ban taɓa ba ku ba, don a lokacin kunya ta hana. A 1983, sa'ad da aka tura mu horo Jamus ta Yamma, kusa da Shututgat, na sayi wata tsohuwar mota mai ja da ƙafafun baya. Kuɗin taya ya yi mini yawa, na ce ai ni direba ne tun ina saurayi, na bi hanyar Birnin Gwari da damina, wane santsi ne zai ba ni tsoro. Wata safiya ina tafiya wurin aiki, gudun bai wuce kilomita 30 ba, na hau wata 'yar gada. Kwaltar baƙa wuluk, kamar an yayyafa mata ruwa kawai. Abin da na fara lura da shi shi ne shiru: ƙarar taya a kan hanya ta ɗauke ɗif. Na murɗa sitiyari, ya juya sakayau kamar ina juya faranti a hannu, motar kuwa ta ci gaba da tafiya inda ta ga dama. Na taka birki, ko gezau. A hankali, ina ji ina gani, ina salati, har na je na rungumi ƙarfen gefen gada. Ban ji ciwo ba, amma kuɗin gyaran ya fi na tayoyin da na ƙi saye. Daga baya wani tsohon makanike a wurin aikinmu ya gaya mini gada ce ke riga ko'ina daskarewa, domin iska mai sanyi tana bi ta samanta tana bi ta ƙarƙashinta. Tun ranar na daina gardama da ƙanƙara.

To, ita wannan ƙafa huɗu da kake taƙama da ita, xDrive, aikinta ɗaya ne: tana raba ƙarfin inji zuwa tayoyi huɗu don motar ta tashi ba tare da ta yi ta murza wuri ɗaya ba. A wajen tsayawa ba ta ƙara maka komai, don kowace mota a duniya birki huɗu gare ta. A kwana ma, in tayar gaba ta saki hanya, babu kwamfutar da za ta ƙirƙiro riƙo daga inda babu. Hatsarin ma ya fi yawa ga irinku, domin motar tana tashi da sauri ba gargada, sai direba ya ɗauka hanya lafiya take, ba zai gane gaskiya ba sai ya zo danja. Injinka yana da ƙarfin doki kusan 380, motar ta haura tan ɗaya da rabi, kuma duk wannan nauyi da ƙarfi suna taɓa ƙasa ne ta wuri huɗu, kowane bai fi tafin hannunka ba.

Yanzu maganar rim, wadda na san nan ne za mu saɓa.

Ka tsuguna ka karanta gefen tayarka. Irin wannan motar mai inci 19 takan zo da 225/40 R19 a gaba da 255/35 R19 a baya. Lamba ta farko faɗin tayar ne a milimita. Ta biyu kaurin gefenta ne, wato kashi nawa cikin ɗari na wancan faɗin. Ta ƙarshe girman rim ne a inci. Ka yi lissafi: kashi 40 na 225 milimita 90 ke nan, ita ce duk robar da ke tsakanin rim ɗinka da rami. Abin da nake so ka saya shi ne wani rim daban mai inci 18, guda huɗu, da taya 225/45 R18 gaba da baya iri ɗaya. Gefenta milimita 101 ne da 'yan kai. Rim ya ragu, roba ta ƙaru, tsayin ƙafar gaba ɗaya kuwa bai bambanta da na asali ba sai da kamar milimita 3, don haka maleji ba zai yi maka ƙarya ba, na'urorin birki ma ba za su rikice ba.

Za ka ce me milimita 11 za ta yi. Ka tuna hanyoyin Montiriyal da muka bi lokacin da na zo sunan yarinyar nan, a ƙarshen hunturu? Ruwa ya shiga tsagar kwalta ya daskare ya kumbura, ya narke, ya sake daskarewa, sai hanya ta farfashe. Har na ce maka ashe ba mu kaɗai ke fama da rami ba. Ramukansu kuma baki gare su mai kaifi, ga shi dusa tana rufe su ba ka gani. Siririyar taya in ta faɗa irin wannan, ko gefenta ya yi ƙulu, ko rim ya lanƙwashe. Na sha miƙar da irinsu a gareji, kuma rim ɗin da aka miƙar ba ya komawa yadda yake. Ga gishirin da suke watsawa a hanya, wanda ke cin fentin rim. Ka bar masu tsadar a ɗaki su huta, ka fita da waɗanda in sun ƙuje ba za ka kwana da baƙin ciki ba.

Faɗin ma haka. A busasshiyar kwalta taya mai faɗi ita ce sarauniya, shi ya sa suka ba ka 255 a baya. A cikin dusa da caɓalin da take zama in ta fara narkewa, mai faɗi tana son hawa sama ta yi iyo, tsukakkiya kuwa tana yanka ta nemi ƙasa. Ka gwada tura faranti cikin tuwo, sannan ka gwada wuƙa. Wani amfanin kuma, in duka huɗun girma ɗaya ne kana iya sauya na gaba da na baya kowace shekara su ci daidai. Sai dai ka lura da kibiyar da ke gefe, don yawancinsu hanya ɗaya suke juyawa, ta dama tana zama a dama.

Kada kuma ka ce tunda ragewa alheri ne bari ka sauka zuwa inci 17. Birkin motarka manya ne, rim 17 ba zai rufe su ba. Ko mai 18 ɗin ma, a ɗora a ƙafar gaba a juya da hannu a gabanka kafin ka biya. Sannan ka kiyayi tarkon da ke kama masu neman araha: za ka ga ana sayar da rim ɗin BMW na hannu da sauƙi, amma na tsohon samfuri ne. Wanda ya gabaci naka ramukan notinsa 5x120 ne, wato ramuka biyar a da'ira mai faɗin milimita 120, naka 5x112, ramin tsakiya ma ba ɗaya ba ne. Suna ɗaya, tambari ɗaya, amma ba ya shiga. Akwai kuma wata lamba da ake rubutawa bayan haruffan ET a cikin rim, ita ke nuna yadda ƙafa za ta shige ciki ko ta fito waje. Ka sa mai kanti ya duba ta da lambar motarka, kada ka yarda da "ai zai yi".

Ita tayar kanta, abu na farko ka nemi tambarin dutse mai kai uku da ƙwayar dusa a cikinsa. Haruffan M+S kaɗai ba su isa ba. Bayan nan za su nuna maka iri biyu. Akwai waɗanda aka yi wa motoci masu gudu, kamar Michelin Pilot Alpin da Pirelli Sottozero. Suna da ƙarfin gefe, sitiyari yana amsawa da kyau, sun dace da inda hanya ke yawan zama a share ko a jiƙe, irin manyan hanyoyin Jamus. Akwai kuma masu laushi na ƙasashen da ƙanƙara ke kwana a hanya wata da watanni: Bridgestone Blizzak WS90, Michelin X-Ice Snow, da Nokian Hakkapeliitta ta mutanen Finlan, waɗanda tun 1934 suka fara ƙera tayar hunturu. In ka sa yatsa ka danna haƙoran irin waɗannan za ka ji suna lotsawa, za ka ga kowane haƙori an tsattsaga shi kamar da reza. Waɗannan tsagogin ne ke buɗewa su ciji ƙanƙara, su kuma riƙe dusa, don dusa da dusa suna kama juna.

Na san zuciyarka za ta tafi ga na farkon, saboda sunan da kuma yadda mota ke tuƙuwa da su. Ni na biyun na zaɓa maka. Garinku yakan kai digiri 20 ƙasa da sifili, kana fita da asuba kafin motocin share hanya su gama, kuma da yarinya a kujerar baya. Gaskiya ne motar za ta ɗan yi lagwai-lagwai a kwana, kuma harafin gudunsu T ne ko H, wato kilomita 190 ko 210 a awa, alhali manyan hanyoyinku 100 aka ƙayyade. In har wannan iyaka ta takura maka a watan Janairu, to wata wasiƙar ce zan rubuto, ba ta taya ba. Lambar ɗaukar nauyi dai, wadda ke zuwa kafin harafin gudun, kada ta gaza abin da aka rubuta a takardar da ke manne a jikin ƙofar direba. Tayoyi masu ƙusa kuwa, Kwibek ta yarda da su daga 15 ga Oktoba zuwa 1 ga Mayu, amma ga mazaunin birni ƙara ce kawai, kuma wasu wuraren ajiye mota na ƙarƙashin gini ba sa barin su shiga. Ka bar su.

Tayoyi na hannu kuwa ban so. In ya zama dole, ka nemi lambobi huɗun da ke ƙarshen rubutun DOT a gefen tayar, masu nuna lokacin da aka ƙera ta: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, 3523 tana nufin mako na 35 a 2023. Tayar da ta tsufa ta bushe ko da zanenta yana nan, wadda zurfin zanenta ya sauka zuwa milimita 4 kuma ta gama aikin hunturu. Ka san inda irinsu suke ƙarewa? Wajenmu. Kwanan baya na tsaya wurin mai faci, na ga tarin tayoyin Beljiyam, kusan rabinsu da tambarin dutsen nan. Wani direban haya yana ta yaba ɗaya, wai ji laushi, ga haƙora. Na ce masa wannan don ƙanƙara aka yi ta, kwaltar Kano a watan Afrilu cinye ta za ta yi kamar sabulu. Ya dube ni ya yi dariya, ya biya ya tafi. Kai ma in bazara ta shigo, ka cire naka da wuri saboda wannan dalilin.

Saura ƙananan abubuwa da kan zama manya. Sabbin rim suna buƙatar 'yan na'urorin awon iska a cikinsu, in babu, fitila za ta yi ta ci a gabanka har hunturu ya fita. Ka leƙa but ka gani ko akwai safaya. Irin motarka galibi babu, don tana zuwa da tayar da ake iya lallaɓawa da ita kamar kilomita 80 bayan ta sace. In tayoyin hunturun ba irin wannan ba ne, ka ajiye ƙaramin famfo da ruwan liƙe huji a mota. Noti a ɗaure shi da sifana mai awo a kan 140 Nm, ba da bindigar iska ba, ka koma a sake dubawa bayan ka yi kilomita kamar 100. Iska kuwa tana raguwa da sanyi, wajen fam ɗaya duk saukar digiri biyar ko shida, don haka ka riƙa gwadawa da safe kafin mota ta motsa. Kuma guda huɗu za ka saya, kada wani ya ce maka biyu sun isa.

Kuɗin zai ɗan ciji a karon farko, ban musa ba. Amma duk watan da waɗannan ke ƙasa, waɗancan suna hutawa, kuma ka huta da cire taya daga rim ana mayarwa sau biyu a shekara. Na bazarar ka wanke su, ka rubuta wa kowace gurbinta da alli, ka jera su inda rana da zafin hita ba sa kaiwa.

Ranar da dusa ta fara sauka, ka nemi fili babba da babu kowa, ka ɗan taka ka danna birki da ƙarfi, ka ji yadda feda ke karkarwa a ƙafarka. Haka aka yi ta, kada ka saki. Ka kai maiɗakinka ita ma ta gwada, tunda tana tuƙa motar.

Kafin ka biya kuɗi, ka ɗauki hoton gefen tayar da na cikin rim ɗin inda lambobin suke, ka turo mini a WhatsApp in gani da idona. Hajiyarku ta ce in tambaye ka ko yajin da kukar da aka aiko sun iso. Ka gai da iyali. Allah ya yi muku albarka.

Mahaifinka.