Kan batun sayar da jirginka na kamun kifi

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya baƙunta? Saƙonka ya iso cewa kana son a sayar da jirgin faiban nan da ka bari a Kano, tare da injinsa da tirelar da ake jan sa. Shawarata ita ce kada a kira dillali tukuna, a fara gyara kayan, domin kusan duk kuɗin yana jikin injin ne, kuma injin da ya daɗe a ajiye bai cika tashi lafiya ba.

A fara da mai. Tsohon fetur yana daskarewa ya zama kamar ƙaro a cikin kafireta, ya toshe ƙananan hanyoyin mai, sai inji ya riƙa tashi yana mutuwa. A zubar da wanda ke tanki, a wanke kafireta, a sa sababbin fulogi. Injinka Yamaha Enduro ne mai ƙarfin doki 40, irin wanda ake gauraya wa fetur da baƙin mai, don haka a haɗa rabin lita na man da aka yi domin injin jirgi a cikin lita 25 na fetur. Kada yaran gida su zuba baƙin man mota, yana cika fulogi da dauɗa.

Abin da na fi jin tsoro shi ne wani ya ja igiyar tayarwa injin yana tudu, don kawai mai saye ya ji ƙara. A ƙasan injin akwai 'yar farfelar roba da ke tura ruwa ya sanyaya shi, kuma ruwan nan ne ke jiƙa ta. Idan ta juya a bushe, ko minti ɗaya ba sai an yi ba ta ƙone. A samu duro a cika shi har ruwa ya rufe kafofin shan ruwa sosai, a bar giya a sake, sannan a tayar. A tsaya ana kallon siririn ruwan da yake tsartuwa ta gefen baya. In bai fito ba a kashe nan take. Wani lokaci zanzaro ne kawai ya cushe bututun da laka, siririyar waya ta isa ta buɗe shi. In an buɗe bai zo ba, robar ce ta mutu. Ni da za a bi tawa, a canza ta ko ba ta nuna komai ba, tunda zafin Kano yana sandarar da roba.

Sai man giya. A kwance ƙusar ƙasa a tari kaɗan a hannu. Idan ya fito fari-fari kamar an dama da madara, ruwa yana shiga, kuma galibi zaren koma ko na fatsa ne ya nannaɗe bayan babbar farfelar da ke tura jirgi ya yanke robar da ke tare mai. A cire farfela a duba. Wajen zuba sabo, ta ramin ƙasa ake ɗura shi har ya ɓullo ta na sama, in ba haka ba iska za ta maƙale a ciki. Mai saye da ya san inji zai zo da makanike ya auna matsin silinda. Ba ya son ya ga bambancin da ke tsakanin silinda biyun injin ya wuce kashi 10 cikin 100, saboda haka gara mu riga shi aunawa mu san abin da muke riƙe da shi.

A gangar jirgin, bangon baya inda ake ɗaura inji ne abin dubawa, don akasari katako ne a ciki aka lulluɓe da faiba. A ɗaga ƙafar injin a danna ta da ƙarfi. Idan bangon ya motsa ko tsaga ta buɗe, katakon ya ruɓe, wannan kuwa fenti ba ya rufe shi, faɗa wa mai saye za a yi a rage kuɗi. Tirela ba ta da wuya: a ɗaga kowace ƙafa da jak a juya, in tana gurnani a canza boris a cika giris, a duba tsagewar taya da igiyar jawo jirgi da fitilun baya. Duk kayan gyaran ana samu a kasuwar Ƙofar Ruwa.

Batun kasuwa kuma, ka san masu sayen irin wannan ba su da yawa a cikin birni. Suna bakin ruwa ne, a Tiga da Bagauda da madatsar Challawa ta Ƙaraye. Yawancin masunta injin kawai suke so su ɗaura wa kwale-kwalensu na katako, tirela ba ta dame su ba. Za su taya injin da kyau, amma kada ka yarda ya fita shi kaɗai da wuri, in ba haka ba gangar da tirela za su zauna maka ba mai tambaya. A sa wa kowanne kuɗinsa, a yi rangwame ga mai ɗaukar ukun. A sanar da sarkin ruwa na wuraren nan, ya fi dillalin mota sanin mai bukata. In ciniki ya yi nisa, a ja jirgin zuwa Tiga a gwada shi da mutane a ciki, domin injin da ke tafiya sumul a duro yakan gaza idan ya ji nauyi. Kuɗin man gwaji na mai saye ne, a faɗa masa tun farko.

Ka aiko da rasit ɗin injin, don lambar da ke jikin maɗaurinsa dole ta dace da ta takarda. Injunan sata suna yawo, mai hankali ba zai biya ba sai ya gani. In ka yi wa jirgin rajista da NIWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa, haɗo da wannan ma. A takardar ciniki a rubuta lambar inji, da duk aibin da aka nuna, da yawan mutanen da jirgin ke ɗauka, shaidu biyu su sa hannu. Tun hatsarin Bagwai na 2021, da jirgin ruwa ya kife da mutane, ba na wasa da layin yawan mutanen nan, kuma rigunan ruwan da ke ciki a bar wa mai saye. A yanke la'adar dillali kafin ya fara aiki, kuma kafin alƙalami ba ya fitar da jirgi daga gida sai kuɗi sun cika.

Ka faɗa mini ƙarshen abin da za ka karɓa, da wanda zai sa hannu a madadinka. A gaida mutanen gida.

Naka,
Amininka daga Kano