Amsa ga Kawu Alhaji kan dish ɗin da ya dace da gidan Bahaushe a Legas

Assalamu alaikum Kawu,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fata Hajiya da yara sun fara sabawa da gumin Ikko da cunkosonta. Ranar Lahadi a wajen walimar suna a Agege ka tsayar da ni a gaban jama'a ka ce: "Kai da ka shekara goma sha biyar kana hawa rufin mutane, faɗa mana tsakaninka da Allah, DStv zan saka wa iyali, ko GOtv, ko StarTimes, ko na kyauta? Kuma dikodar nan mai naɗar shiri ta ci kuɗinta?" Kafin in buɗe baki aka kira la'asar, taro ya watse. Mutum huɗu sun bi ni har bakin masallaci suna cewa su ma suna jiran amsar, shi ya sa na ga gara in rubuta a fili kowa ya gani.

Da farko, abin da muke kira kebul a nan ba waya ce da kamfani ke jawowa daga ofishinsa zuwa ɗakinka ba, kamar yadda ake yi a Amurka. Hanya biyu ce a gabanka: ko dish mai kallon tauraron ɗan Adam, ko eriya mai kamo sigina daga dogon ƙarfen da kamfani ya kafa a cikin gari. DStv da dish take aiki, GOtv da eriya, kuma uwarsu ɗaya, MultiChoice ta Afirka ta Kudu, wadda kamfanin Canal+ na Faransa ya karɓe a 2025. StarTimes kuwa daga ƙasar Sin ta zo, ta shigo Najeriya a 2010 da haɗin gwiwar NTA, kuma tana da dikodar eriya tana da ta dish.

Wannan bambanci a Kano ba zai dame ka sosai ba, amma a Legas yana da nauyi saboda ruwa. Idan hadari ya haɗo baƙi ƙirin a Yuni ko Yuli, siginar dish ba ta iya ratsa shi, hoto ya farfashe sannan ya ɗauke, sai ruwan ya tsagaita. Eriya ba ta cika damuwa da ruwa ba. Matsalarta dogayen benaye ne, kuma gidanka na tsakanin bene biyu. Ga kuma iskar teku mai gishiri da ke cinye ƙarfe. Na sha sauko da dish a Obalende wanda bai kai shekara uku ba amma ƙafarsa ta rube da tsatsa. Ko wanne ka zaɓa, a shafa wa kusoshin girishi, a naɗe bakin wayar da salatif kada ruwa ya shiga.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, kuma shi ne ainihin amsata. Kawu, kada ka ƙirga tashoshi. Mai sayarwa zai ce maka wannan tsari tasha ɗari da wani abu ne, wancan bai kai ba. Na shiga ɗaruruwan gidajen Hausawa daga Idi Araba zuwa Alaba Rago, kuma idan na ɗauki rimot, lambobin da suka goge don yawan dannawa ba su wuce na tasha biyar ko shida ba. Ka zauna da Hajiya ku lissafa wanda ke wuni a gida da abin da kunnensa zai riƙa ji. Kai kana kasuwar Mile 12 tun asuba, ba ka dawowa sai bayan isha'i. Talabijin ɗin nan na Hajiya ne da yara.

Yaran kuma su ne nake ji wa tsoro. Babbar 'yata a nan aka haife ta. Tana da shekara shida muka je Zariya hutun sallah, kakarta ta aike ta ta ɗauko mata faifai, yarinya ta tsaya tana kallona don ba ta taɓa jin kalmar ba. Yarbanci a bakinta kamar 'yar gari, buroka kuwa ba a magana, amma harshen uwarta ya zama na gaisuwa kawai. Ranar ban yi barci ba. Ba ina cewa akwatin talabijin zai yi wa uba aikinsa ba, amma yaron da ke jin Yarbanci a layi, Turanci a makaranta, idan ya dawo gida ya tarar da katun na Turanci har dare, yaushe zai ji Hausa mai tsawo, wadda ake hira da gardama da ba'a a cikinta? Saboda haka ma'aunina na farko shi ne tashoshin Hausa. Africa Magic Hausa, wadda aka buɗe a 2010, tana kan DStv a lamba 156, tana kuma kan GOtv. Arewa24 da ta fara aiki a 2014 tana kan dukkansu ukun. StarTimes na da tata tashar ta finafinan Hausa, ST Dadin Kowa. Duk waɗannan ba sai ka hau babban tsari za ka same su ba. Sai dai kafin ka ba da kuɗi ka sa a nuna maka jerin tashoshin tsarin da idonka, domin kamfanoni kan ɗaga tasha daga wannan mataki zuwa wancan.

Batun kuɗi kuwa, ga yadda farashin DStv ya koma a ƙarin da aka yi a Maris 2025: Premium naira 44,500 a wata, Compact Plus 30,000, Compact 19,000, Confam 11,000, Yanga 6,000, Padi 4,400. A GOtv, Supa Plus 16,800, Jolli 5,800, Smallie 1,900. Kafin wannan an yi ƙari sau biyu a 2023, an sake yi a Mayun 2024, har hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ta shiga maganar. Don haka duk lissafin da za ka yi, ka bar wa ƙari wuri.

Me ke sa manyan tsare-tsaren tsada haka? Galibi ƙwallo ce. Firimiyar Ingila da gasar Zakarun Turai suna hannun SuperSport, tashoshin wasanni na MultiChoice, kuma da kuɗin waje ake sayen haƙƙin nuna su, idan naira ta faɗi kai ne za ka cike giɓin. Waɗanda suka daɗe a harkar nan suna tuna HiTV, kamfanin gida da ya fito a 2007 ya ƙwace Firimiya, mutane suka yi rububin sayen dikodarsa, zuwa 2011 ya durƙushe, dikodojin suka koma kan tebur suna shan ƙura. TStv ma ta zo a 2017 da alkawarin biyan iya abin da ka kalla, ba ta iya ture manyan ba. Na san babban ɗanka ɗan Arsenal ne kuma shi zai fi matsa maka. Ni dai shawarata, kada a ɗora wa gida duka dubu goma sha tara ko talatin saboda wasa biyu a mako. Gidan kallo na nan a bakin layi, idan kuma ba ka son ya riƙa zama a can da dare, to a saya a watannin da gasa ta yi zafi, a sauka idan an tafi hutu. Ana iya hawa ana iya sauka, dikoda ɗaya ce.

Akwai wani lissafin da mai shago ba zai yi maka ba. Kwana talatin ɗin da ka biya suna tafiya ko da wuta ko babu. Idan taransifomar unguwa ta lalace mako biyu, rabin kuɗinka ya bi ruwa, tayar da janareta kuma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 ba kowa ke iya yinsa don kallo ba. A nan StarTimes ta yi tunanin talaka, domin tana karɓar kuɗin kwana ɗaya ko na mako, ba sai na wata ba. Daidai ruwa daidai tsaki.

Sai dikoda mai naɗi. Wadda aka fi sani ita ce Explora ta DStv, kuma ba zan rage mata komai ba. Tana tsayar da shirin da ake nunawa kai tsaye, idan aka kira magariba ka danna ka tafi masallaci, ka dawo ka ci gaba daga inda ka tsaya. Ko don wannan kaɗai ina ganin girmanta, don na san gidajen da ake jinkirta sallah saboda kada a rasa ƙarshen fim. Tana naɗar wata tasha kana kallon wata. Da azumi za ta ajiye maka tafsirin da aka yi kana kasuwa. Amma ita kanta tsada gare ta, tana son LNB irin nata, wato kan da ke gaban dish mai karɓar sigina, akwai ƙarin kuɗi kowane wata kafin naɗin ya yi aiki, kuma idan ka bar biya amfanin ya tsaya. Babbar magana ita ce ba ta naɗi a cikin duhu. Wani ɗan canji da na yi wa aiki ya sa a naɗar masa wasan ƙarshe yana kan hanyar dawowa daga Kwatano, aka ɗauke wuta ana minti ashirin, abin da ya tarar ke nan. Ɗaukewar wuta da dawowarta ba shiri kuma tana gajiyar da ma'ajiyar da ke ciki. In ba ka da inbata ko sola, Kawu, ajiye kuɗinka. In ka saka sola wata rana, mu sake zama.

Na bar na kyauta a ƙarshe don shi nake so ka fara da shi. Dish ne da risiba, irin su Strong, ka saya sau ɗaya babu kuɗin wata. A tauraron Eutelsat da ke digiri 16 gabas ana samun Arewa24 da wasu tashoshin Hausa na wa'azi da na nishaɗi, da dish madaidaici. Yawancin risibobin nan suna da ramin filasha, Hajiya na iya naɗar shirinta a kai ba tare da ta biya kowa ba. Aibinsa shi ne tasha kan canza mita ba sanarwa, sai an kira irinmu mun sake nemo ta. Kuma idan burinka tashar da ke nuna Harami kai tsaye daga Makka a tauraron Nilesat ko Arabsat, ka sani kwandon dish ɗin da ya ishe ka a Kano ba zai isa a nan ba, domin siginarsu na raguwa yayin da kake gangarowa kudu. Sai babban kwando, shi kuma yana son fili, gidan haya a Agege bai cika samunsa ba.

Da gidana ne, ga abin da zan yi, kuma shi na yi: dish na kyauta a matsayin tushe, sannan ƙaramin tsari na StarTimes ko GOtv a gefe don labarai da tashoshin yara, wanda za a iya bari ya mutu a watan da kuɗin makaranta ya matso ba tare da ɗaki ya yi shiru ba. A naka gidan, saboda benayen nan biyu, sai na gwada eriya a kan rufi tukuna kafin ka sayi komai. Idan ta kama, to. Idan ba ta kama ba, StarTimes ta dish ko Yanga ta ishe ku.

Ranar Asabar bayan azahar zan zo da tsani da mitar auna sigina, in sha Allahu. Kafin nan ka yi wa mai gidan magana ya yarda a huda bango ta gefen gabas, don kada mu hau ya sauko da mu. A gaida Hajiya da yara.

Ɗanka,
mai haɗa dish a Agege