Wasiƙa daga Benidom

Yaya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da mai ɗakinka da yara. Ka gaishe mini da Inna da kyau, ka ce mata ƙafata ta daina kumbura. Dama tsayuwa ce ta yi mata yawa a watan Agusta, yanzu kuwa aiki ya ɗan lafa.

Hoton nan da na turo maka, ina tsaye bakin teku ga dogayen benaye a bayana, shi ya jawo wannan rubutu. Ka ce ashe aljannar duniya na samu nake ɓoye muku. Na yi dariya na bar zancen, don ba maganar da za a warware a tsaye ba ce, ana jirana a kicin. Yau ina hutu, bari in gaya maka irin garin.

Benidom yana lardin Alikante ne, gabashin Sifaniya, a gaɓar Bahar Rum. Mazaunansa na dindindin sun haura 70,000, amma a Yuli da Agusta sai jama'a ta yi ninkin-ba-ninkin, har ka rasa inda za ka sa ƙafa a kan yashi. Akwai otal a nan mai suna Gran Hotel Bali, hawa 52, tsayinsa mita 186, tun 2002 aka buɗe shi. Akwai kuma Intempo, benen zama ne da ya ɗara shi tsayi. Ana cikin gina shi tattalin arziki ya karye a 2008, ya daɗe a tsaye kamar kango, sai 2021 aka kammala. Duk wannan fa a wurin da mutanensa ba su kai 3,000 ba a 1950.

A bakin wani dattijo maƙwabcina na fara jin yadda aka yi. Ya haura 80, a Benidom aka yanke masa cibiya, kuma ubansa masunci ne. Sana'ar garin a da kamun kifin tuna ce da wani makeken taru da suke kira almadaraba. Ana kafa shi cikin teku ɗaki-ɗaki, kifi ya zo wucewa a lokacinsa ya shiga ya kasa fita, sai jirage su yi masa zobe a ɗago shi. Mazan garin sun yi suna a wannan aiki, har gaɓar Kadis, a kudancin Sifaniya, da ta Maroko ake ɗaukar su su shugabanci taru. A 1952 kifi ya yi ƙaranci aka rufe tarun garin. Dattijon ya ce yana yaro lokacin, amma bai manta yadda maza suka koma zaman banza a bakin ruwa ba, wasu kuma suka bi jiragen dakon kaya ba a sake ganinsu sai shekara-shekara.

Magajin garin na lokacin, Pedro Zaragoza, wanda ya riƙe kujerar daga 1950 zuwa 1967, shi ya ga cewa in kifi ya ƙare ai rana da yashi ba su ƙare ba. A 1956 aka fitar da taswirar sabon gari, aka shata manyan tituna ta tsakiyar gonakin zaitun, mutane suna ganin kamar ya zautu. Daga baya aka ba da damar gini ya yi sama yadda ya so. Misalin da suke bayarwa na kwalin ashana ne: in ka kwantar da shi ya ci fili, in ka tsayar da shi, ashanar da ke ciki ba ta ragu ba amma ƙasa ta saura. Shi ne kuma ya yarje wa matan baƙi su sa ɗan guntun kayan wankan nan da ake ce wa bikini, malaman coci suka taso masa. Da bakinsa ya riƙa ba da labarin yadda ya hau babur Vespa har Madrid don ya kai kukansa gun Janar Franko, shugaban ƙasar na lokacin. Da aka buɗe filin jirgin saman Alikante a 1967 kuwa, sai 'yan Ingila suka ɓarke da zuwa, har yau ba su tsaya ba.

Ba zan ci amanar garin ba, dabarar kwalin ashana ta yi rana. Da yake an cusa kowa wuri ɗaya, dutsen Serra Gelada da ke gefenmu yana nan ba a taɓa shi ba, alhali a wasu sassan gaɓar nan ƙananan gidajen hutu sun cinye tudu da kwari. Ruwa ma sun koyi tattalinsa, tun farin 1978 da sai da aka riƙa kawo musu ruwan sha a jiragen ruwa. Yanzu ruwan da aka yi amfani da shi ana tace shi a ba manoma, su kuma su sakar wa gari mai kyau.

Amma Yaya, an ce gari da mutane, maraya da namu. Nan gari ne cike da mutane, sai dai duk sati ana canza su. Unguwar da tarun nan yake a da, Rincón de Loix, yau gidajen giya na 'yan Ingila ne a jere, allunan duk da Turanci, kiɗa har asuba. Za ka yi tafiyar rabin awa ba ka ji Sifaniyanci ba, balle Balensiyanci, harshen da dattijon nan ya tashi da shi. Na taɓa zaga tsohon gari ina neman mai gyaran takalmi. Shagunan tabarau da tawul da balan-balan na wanka na ƙirga har na gaji, ban sami mai ɗinke mini takalmi ba. Abin da baƙon kwana bakwai zai saya shi ake sayarwa, mai zama shekara kuwa ya san inda dare ya yi masa.

Ni ma abin ya taɓa ni. Ka tuna na ce maka na tashi daga ɗakina na farko, ban faɗa maka dalili ba. Mu huɗu ne a gidan, ba mu taɓa makara da kuɗin haya ba. Da wa'adin takarda ya cika sai mai gidan ya ce ba zai sabunta ba. Bayan wata biyu na bi ta wurin, na tarar an yi fenti, an maƙala ɗan akwatin ƙarfe mai lambobi a bakin ƙofa, irin wanda baƙo yake buɗewa ya ɗauki makulli ba sai ya ga kowa ba. A intanet ake kama gidan yanzu, kwana-kwana. Ban zage shi ba, lissafi ya yi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne tsohuwar da ke hawa na biyu, wadda muke ɗaukar mata tulun gas. Yanzu maƙwabtanta masu jan akwati ne da tsakar dare, ba wanda zai lura in ta kwana biyu ba ta buɗe taga ba.

Shi ya sa na koma Villajoyosa, wanda 'yan nan suke ce wa La Bila, nake shiga ɗan jirgin ƙasa na lantarki kullum. Da sassafe taragon cike yake da mu, masu wanke-wanke, masu wanki da guga, da mata masu gyaran ɗakunan otal. Matan nan har ƙungiya gare su, Las Kellys, suna kokawa kan yawan ɗakunan da ake ɗora wa mace ɗaya a yini. Kusan duk wadda ka taɓa, ciwon baya ne ko na kafaɗa. A La Bila har yanzu jiragen masunta suna dawowa da yamma a yi gwanjon kifi, gidajen bakin ruwa kowanne da launinsa, wai don masunci ya hango nasa tun daga teku. Sai dai nan ma akwatunan makullin sun fara tsirowa.

Waɗanda suka ga 2020 suna cewa a lokacin ne asirin garin ya tonu. Da korona ta zo aka rufe otal-otal a watan Maris, sai ga benaye tsaye ba fitila, tsuntsaye kaɗai a bakin ruwa. Garin da ya tsaya da ƙafa ɗaya ke nan. A 2024 kuma mutane suka fita zanga-zanga a tsibiran Kanari da Mayorka na Sifaniya da birnin Barsalona kan tsadar haya, har Barsalona ta ce za ta soke lasisin gidajen haya na baƙi zuwa 2028. Na kalli abin a talabijin zuciyata biyu. Gaskiyarsu ce, ni shaida ne. Amma faranti nawa zan wanke in baƙin suka daina zuwa? Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma abin da nake turo wa Inna daga aljihun masu jan akwatin nan yake fitowa.

Wata mai zuwa, Nuwamba, akwai bikin garin. A bakin ruwan Poniente suke kwaikwayon yadda kakanninsu suka tsinci gunkin da suke girmamawa a cikin wani jirgi a 1740. Ba addinina ba ne, daga nesa nake tsayawa, amma ranar kaɗai nake ganin 'yan asalin garin sun fito sun san juna, ana kiran mutum da sunan gidansu. Dattijon ya ce in raka shi bana, ƙafarsa ba ta iya hawa jirgi shi kaɗai. Da an gama nasu kuma, ranar Alhamis, 'yan Ingila su cika titi da nasu bikin na shigar ban dariya.

Batun babban ɗanka da ka ce yana ɗokin zuwa tun da ya ga hoton, ka ba shi takardar nan ya karanta, sannan mu yi magana ni da shi. Hunturu ya kusa, yawancin baƙinmu yanzu tsofaffi ne 'yan fansho, an kuma rage mana awanni, don haka saƙon Inna zai ɗan makara zuwa tsakiyar wata. Kada ka gaya mata dalili, ka ce dai yana tafe.

A gaida Yaya babba da su Gwaggo. A ci gaba da sa ni a addu'a.

Ƙaninka.